Yadda Na Yi Dillancin Ansifekta

Ranar da na hau kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Paraku zuwa Jugu don in roƙi Baffa ya bar ɗan ƙanensa ya koma aikin ɗan sanda, na riga na lissafa abin da ke cikin cinikin. In tsohon ya amince, na rasa mutumin da ke saya mini man kaɗe, wanda tun da ya shigo harkata ba a sake cuta ta ba. In ya ƙi, kuma ya ji haushin bakin da na sa, na rasa ɗakin ajiyar da yake ba ni a gidansa, da inuwar sunansa da nake shiga kasuwar Jugu da ita. In kuwa na yi zamana ban je ba, kayana duka suna nan, amma abokina zai ci gaba da zama a ƙofar shagona kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ko ta ina na duba akwai asara. Sai na zaɓi wadda zuciyata za ta iya ɗauka.

Ni ba ɗan gidan kowa ba ne. Dako na fara yi a tashar jirgin ƙasa ta Paraku, inda layin dogo daga Kwatano ya ƙare. Daga dako na koma talla a ka, daga talla na kafa tebur, daga tebur Allah ya ba ni shago a unguwar Gema. Fanteka nake sayarwa da langa da fitilar ƙwai da kayan keke. Motar da ta kai kwanukana Jugu ba ta dawowa wayam, man kaɗe nake loda mata, in tura shi kudu a jirgi.

Mutumin da nake magana a kansa kowa Ansifekta yake ce masa, da kalmar da Faransawa suka bar mana. Ɗan sandan ciki ne a zamanin Nasara, na farin kaya, irin waɗanda ke bin sawun sata da kisa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, yayan mahaifin, wato Baffa, shi ya riƙe shi. Gidansu tsohon gidan fatake ne a Jugu, jikokin madugan hanyar Gwanja. Baffa fatoma ne: masu goro daga yamma da masu saye daga arewa a gidansa suke sauka, ya ba su ɗaki da tuwo, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su ciniki. Wata rana Baturen da ke kan Ansifekta ya ce ya riƙa kawo masa labarin masu sauka a gidan, wa ya zo, me ya kawo, me aka faɗa a zaure. Ansifekta ya ƙi, ya ajiye aikin, ya dawo Paraku ya kama haya a unguwar Lajifarani yana zaman banza. A nan na tsince shi.

Ban taɓa yin abokin aiki irinsa ba. Masu kawo man kaɗe suna da wata dabara: a cusa dafaffiyar doya a tsakiyar curin mai, a shafe, ya yi nauyi. Ni sai na yanka nake ganewa, kuma ba ka iya yanka kowane curi. Shi kuwa ba ya ko kallon man. Mai shi yake kallo. Ya tambaye ta garinsu, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi yaushe aka kaɗa man, sai ya koma ya sake tambayar garinsu. Wadda ta yi cushe kafin a gama gaisuwa ta janye curin ta ce wannan na gida ne, kuskure aka yi aka haɗo da shi.

Illarsa ɗaya, bai san inda ake tsayawa ba. Mace ta zo sayen langa a shagona, sai ya ce, "Hajiya, bikin wa za a yi?"

"Na ɗiyata."

"Wacce? Ba ita ce aka kai Ganu bara ba?"

"Ƙanwarta."

"Ashe. Ai na ji cewa kika yi ita ce autarki."

Sai matar ta ajiye langar ta ce za ta dawo. Ba ta dawowa. Ashe kuɗin adashin unguwa ta ɗan taɓa za ta sayi kayan ɗakinta, me ya shafe mu? Na sha ce masa, "Ansifekta, kwano suka zo saya, ba ƙara suka kawo ba." Ya yi dariya ya ce, "Maigida, bakin ne ya saba."

Da aka sami 'yancin kai Turawa suka tattara, komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ta cika da samari sababbin fitowa daga makaranta. Suna da karatu, suna da ƙwazo, amma babu wanda ya taɓa bin sawun ko akuya. Sai aka shiga neman tsofaffin hannu. Wata hantsi sabon shugaban komisariyar, wanda suka yi aiki tare da Ansifekta a da, ya tsaya da babur a ƙofar shagona. Suka rungume juna, suka yi ta zuba Faransanci ina tsintar abin da na iya. Ya ce ana son Ansifekta ya dawo da muƙaminsa, ya riƙe bincike, ya kuma horar da samarin.

Na ga fuskar abokina a ranar. Tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa duka a waje ba sai ran nan. Ya ce sai ya je ya gaya wa Baffa. Ya tafi Jugu yana waƙa, ya dawo ba ya ko amsa sallama da ƙarfi. Baffa ya ce bai yarda ba, shi kuwa ya ce ba zai sa ƙafa a aikin da babu albarkar wanda ya raine shi ba.

Daga nan ya daina yi wa mutane tambaya. Ya zauna a benci yana kallon titi, a zo a sayi kwano a tafi bai ɗaga kai ba. Cinikina ya ɗan ƙaru, ba zan ɓoye ba. Amma matata da ke aiko mana abincin rana ta ce, "Wannan bawan Allah kwanonsa dawowa yake yi yadda ya tafi. Kai da kake sasanta mai saye da mai sayarwa, ka kasa sasanta ɗa da uba?" Na ce mata in na sasanta su ni zan kwana a ciki. Ta ce, "To ka kwana mana."

Shi ya sa na hau motar, da Ansifekta a gefena. A hanya na gargaɗe shi. Na ce, "Yau ni ne dillali, Baffa ne mai kaya, kai ne hajar. Ka taɓa ganin haja ta sa baki a ciniki?" Ya ce a'a. Na ce to ya kama bakinsa sai an tambaye shi.

Ban kai goro ba. Ba a kai wa Baffa goro, don kafin ka gama miƙawa ya gaya maka garin da aka tsinko shi da kuma yadda aka cuce ka. Sukari na kai masa da ganyen shayi da fitila sabuwa. Muka same shi a zaure a kan buzu, da carbi. Ansifekta ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma bakin ƙofa ya raɓe.

"Mai Kwano," in ji Baffa, don haka yake kirana, "yau kuma da fitila? Ashe maganar mai duhu ce."

"Baba, ciniki na kawo."

"In na wancan ne da ke zaune kamar maraya, ba na sayarwa ba ne."

Na ce na sani, kowane kaya mai kyau haka ake fara cewa. Ya yi murmushi, ya sa aka kawo fura. Mai kayan da ya ba ka fura bai kore ka ba, saboda haka na gyara zama.

Na fara da abin da na ɗauka shi ne ƙarfina. Na tuna masa cewa yaron nan saboda gidan nan ya ajiye aikinsa, ya zaɓi zaman banza a kan ya kai sirrin baƙi. Baffa ya ce bai manta ba, kuma har ya mutu yana sa masa albarka a kan wannan. "Amma wancan Bature ya ƙi wa. Ƙin Bature ba wuya, ba ka haɗa komai da shi ba. Gobe wanda zai tambaye shi abokinsa ne, sun ci tuwo tare, zai dafa kafaɗarsa ya ce don ƙasa ne. Wannan fa?"

Na ce ai Paraku za a ajiye shi, ba Jugu ba. Ya ce ni ne gwamnati da zan yi alkawarin inda za a ajiye mutum? Na ce a'a. Na ce albashi ne mai kyau, da fansho. Ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci, ya ce gidansu bai taɓa jiran ƙarshen wata ba.

Sai ya ajiye carbin ya yi mini maganar gaskiya. Ya ce, "Kai kwano kake sayarwa, ana gani ana taɓawa. Ni ba ni da abin sayarwa sai amana. Mutum ya taso daga Salaga ko Dosso, ya zube kayansa a ɗakina, ya kwanta ya yi minshari, don ya san abin da ya shigo gidan nan ya shigo ke nan. Ran da aka ce ɗan gidan ɗan sanda ne, sai su wuce gidan gaba. Ba don suna da laifi ba, bafatake dai ba ya son ido. Gidan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, Mai Kwano. Na baƙi ne."

A nan na ga ƙofa. A sana'armu, in wanda kake ciniki da shi ya ce kayan ba nasa ba ne, ba gardama ake yi ba, cewa ake a kai ka wurin mai kayan. Na ce, "To Baba, tun da na baƙi ne, a tambayi baƙin. In sun ce a'a, na ɗauki hajata na koma, fitilar ma na bar maka."

Ya yi dariya har da tafa cinya. Ya tabbata ya san amsarsu. Ya ce gobe da safe, lokacin zaɓen goro, kowa yana tsakar gida.

Wanda bai san goro ba zai ɗauka kaya ne kamar gero. Ba haka ba ne. Goro rai gare shi. A cikin huhu ake ɗauko shi, an shimfiɗa ganyen fita mai laima, an jera, an rufe, an ɗaure tam da igiya don kada iska ta shiga. A kan hanya sai an riƙa sauke shi a inuwa ana buɗewa, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Wannan aiki muka tarar ana yi da safe a tsakar gidan Baffa, mutane sun baje tabarmi, kowa da huhunsa a gaba. Abin da na lura, tarin da ake warewa gefe na ruɓaɓɓe ya fi yadda na saba gani.

Baffa ya sa aka kawo masa kujera, ya yi gyaran murya, ya faɗa musu maganar ba ƙari ba ragi. Bai gama rufe baki ba wani bafatake na Dosso, ƙato mai babbar murya, ya miƙe tsaye da goro cike da hannunsa.

"Alhaji, ka ce horar da yaran nan zai yi? Waɗanda ke tsare hanya?"

"Haka aka ce."

"To don Allah ka ba su shi yau, kada ka bari sai gobe! In babu mota ni zan goya shi."

Aka fashe da dariya, amma shi ba wasa yake ba. Ya zube goron a gaban Baffa. Kowanne da huda, ta yi baƙi. Ya ce tun da aka ƙara shingaye a hanya, samarin da aka zuba suna da tsinken ƙarfe irin na duba buhun hatsi. Sai su soka shi cikin huhu don su ji ko an ɓoye wani abu. Goron da tsinke ya huda ruɓewa yake, ya kuma shafa wa na kusa da shi. Wanda ya fi tausayi kuwa sai ya yanke igiyar, ya yaye ganyen a tsakiyar rana, ya tona har ƙasa, ya ce to ɗaure ka wuce.

"Ba mugunta ba ce," in ji wani dattijo daga gefe. "Yaran kudu ne, goron da suka sani na faranti ne ranar suna. Na yi wa ɗaya bayani da Hausa, na yi da Dandanci, ya ce mini in yi Faransanci. Ina na gan shi?"

Nan fa kowa ya buɗe baki. Wannan ya nuna nasa, wancan ya ce huhu guda ya zubar a bayan gari. Baffa ya ɗauki goro ɗaya yana juya shi a hannu. Ya san goron yana lalacewa, amma ya ɗauka zafin bana ne, don baƙin sun ji nauyin kawo masa ƙara a kan abin da ba shi da iko a kai.

Akwai wani siririn mutum na wajen Salaga yana ta jera ganye. Da hayaniya ta lafa ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ni tambayata ɗaya. Wani lokaci huhu yakan zo da ɗan turmin atamfa a gindinsa, tsaraba ce ta iyali da ba ta bi ta kwastan ba. Yaron nan ya tashi a gidan nan, ya san inda ake sa ta. To yaya ke nan?"

Baffa ya dube ni, wato ga abin da na gaya maka. Ni kuma na dubi Ansifekta na ce, "An tambayi haja. Ta yi magana."

Ya matso ya tsuguna a gaban mutumin. Ya ce, "Kawu, ba zan yi maka ƙarya ba. In na same ta a hanya ina bakin aiki, zan kama, ko ta Baffa ce. Amma abin da na gani a gidan nan ko na ji a zauren nan, a nan nake barinsa. Na bar shi a da, zan bar shi gobe. In aka matsa mini, na san hanyar shagon Mai Kwano."

Siririn ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Madalla. A hanyar ma ai sai ka same mu tukuna."

Dariyar da aka yi har mata suka leƙo daga cikin gida. Baffa ma ya kasa riƙewa. Da ya goge ido ya kira Ansifekta da sunan yarinta da ban taɓa ji ba, ya ce ya matso. Ya ce sharaɗinsa biyu. Hular aiki ba za ta ƙetare zaurensa ba. Sannan darasin farko da za a koya wa samarin nan, kafin ɓarawo, kafin komai, shi ne yadda ake buɗe huhu a rufe, kuma shi Baffa zai ba da huhun. Ya ɗora hannu a kansa ya sa masa albarka. Aka kira malamin makarantar allo ta ƙofar gida ya yi addu'a, muka shafa. Ƙaton Dosso ya ɗaga Ansifekta sama kamar buhun auduga.

Na ce, "Baba, saura la'adar dillali."

Ya sunkuya ya cika hannu biyu daga tarin hudajjen goron, ya zuba mini a aljihu. Ya ce, "Ga ta. Daidai da aikinka."

Ranar da Ansifekta ya kama aiki ya sa kakinsa na da don a gan shi, ko da yake aikinsa na farin kaya ne. Tuwon matata ya yi aikinsa, maɓallan rigar sai da suka yi ta roƙon Allah. Ya zo ta gaban shagona yana taku, masu keke suna buga ƙararrawa, matan unguwa suna guɗa.

Na je na ga darasin huhun, don ni na ba da aron fantekar ruwa. A ƙarƙashin mangwaro aka yi shi, a bayan komisariya. Samari sun kewaye, ya nuna musu yadda ake jawo kaya inuwa, a kwance igiya ba yankewa ba, a ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, a zura hannu a hankali ta gefe har ƙasa. Ya ce kuma kafin hannu, a fara da baki, a gaishe da mai kaya, a tambaye shi garinsu. Suka yi ta gwadawa. Ɗaya ya ɗaure huhun, da aka ɗaga sai gindin ya buɗe, goro ya watse, 'yan sanda suka bi shi da rarrafe suna dariya. Da aka tashi ya raba musu ɗai-ɗai. Wani da bai taɓa ci ba ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tambaya da Faransanci ko a kan wannan abu mai ɗaci ake wannan wahala duka. Ansifekta ya ce masa ya sha ruwa a kai ya ji. Ya sha, ya miƙa hannu a ƙara masa.

Ba zan ce tsinken ƙarfe ya ɓace daga hanya ba. Mutum ɗaya ba ya gyara ƙasa. Amma a kan hanyar Jugu zuwa Paraku ya yi sauƙi sosai, fatake da kansu suka faɗa, kuma ba wanda ya ɗauke kayansa daga gidan Baffa.

Ga yadda lissafina ya tsaya. Na rasa mai saya mini man kaɗe, ban kuma sami kamarsa ba. Na gwada mutum biyu, na gwada kaina, daga baya na bar harkar man gaba ɗaya, kuma ita ce ta fi kawo mini riba a lokacin. Wannan asara ce, ba na yi mata kwalliya. Ɗakin ajiyata yana nan, Baffa bai karɓe ba har ya koma ga Allah. Fataken gidansa kuwa suka mai da ni nasu, duk wanda zai aurar da ɗiya daga Salaga har Dosso a wurina yake haɗa kwanukan gara, na kuma faɗaɗa shago a kansu. Abokina ya yi aikinsa har ya yi ritaya da mutuncinsa, ba a taɓa jin ya kai maganar zaure ofis ba. In aka tara aka cire, a aljihu kusan canjaras na tashi. A sauran kuwa riba na ci, kuma da za a sake kawo mini cinikin, a haka zan sallama.